Zullumin Jiran Fiɗa: Sababbin Alamu a Jikin Mai Ciwon Dajin Mama

1.0 GABATARWA

Tsakanin ranar da likita ya tabbatar wa mace cewa ƙullutun da ke mamanta ciwon daji ne, da ranar da za a shigar da ita ɗakin fiɗa, akwai waɗansu makwanni da ba a cika maganarsu ba. A cikinsu an san ciwo, amma ba a taɓa shi ba tukuna. Majiyyaciya tana gida, tana girki, tana reno, tana kuma sauraren jikinta dare da rana. Sau da yawa a wannan tsakani ne takan ga abin da ba ta gani ba a da, kamar zogi inda babu shi, ko kumburi, ko sauyin launin fata, ko kaluluwa a hammata. Nan da nan sai zuciya ta raya mata cewa ciwon ya bazu, aikin gama ya gama.

Wannan maƙala za ta yi bayanin irin waɗannan alamu, watau daga ina suke fitowa, waɗanne ne ba su da haɗari, waɗanne ne kuma ke bukatar a koma asibiti ba tare da jiran ranar fiɗa ba. An ɗauki Samaru da Sabon Garin Zariya a matsayin fagen bayani, domin matan waɗannan wurare suna daf da babban asibitin da ake yin wannan aiki, amma kusanci bai raba su da fargaba ba. Da yake kuma batun ya shafi harshe da al'ada kamar yadda ya shafi likitanci, za a fara da kalmomin da Bahaushe ke kiran ciwon da su.

2.0 SUNAYEN CIWON DA NA TSORONSA

Kalmomi uku ne suka fi yawo a bakin jama'a: daji, da sankara, da kansa. Ta ukun aro ce daga Ingilishi, kuma ita ce aka fi ji a asibiti da gidajen rediyo. Ta farkon kuwa, watau daji, ita ce ta fi nuna yadda Bahaushe ya ɗauki ciwon. Daji a wurinsa shi ne kishiyar gari, wurin namun dawa da iskoki, inda ikon sarki da na mai unguwa ba ya kaiwa. Kiran ciwo da wannan suna yana ɗauke da ma'anar cewa abu ne da ya fi ƙarfin maganin gida, kuma mai ci gaba da cin jiki kamar yadda daji ke cinye gonar da aka bari. Saboda haka ne waɗansu mata ba su ambatar sunan ko kaɗan, sai dai su ce "ciwon nan" ko "larurar nan".

Gaɓar da ciwon ya kama ita ma tana da sunaye biyu, mama da nono, kuma dukansu sun haɗa ta da uwa da shayarwa. Gaɓa ce da ake sakaya sunanta a gaban suruki da babban ɗa. Ke nan mace mai wannan ciwo tana fama da abin da ba a faɗin sunansa a wurin da ba a faɗin sunansa.

Haka kuma Hausa ta rarrabe irin tsoron da ke tattare da jira. Fargaba ita ce faɗuwar gaba ta farat ɗaya, kamar wadda ke zuwa sa'ad da hannu ya taɓa sabon ƙullutu. Zullumi shi ne tsoron abin da ke tafe wanda ba a san yadda zai kasance ba. Waswasi kuwa shi ne kai-komon zuciya a kan abu guda, a duba, a sake dubawa, ba a gamsu ba. Dukan ukun suna samun mai jiran fiɗa, kuma kamar yadda za a gani a gaba, su da kansu suna haifar da waɗansu alamu a jiki.

3.0 GIRMAN MATSALAR

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da ciwon dajin mama a duniya, kuma kimanin 670,000 suka rasu ta dalilinsa. A Nijeriya shi ne ciwon dajin da ya fi kama mata. Ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ya nuna sababbin masu ciwon 28,380 da mace-mace 14,274 a shekarar 2020. Idan aka auna waɗannan lambobi biyu, za a ga a kan kowaɗanne mata biyu da aka samu da ciwon a shekarar, an rasa guda. A ƙasashe masu arziki kuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon suna raye bayan shekara 5 da gano shi. Babban abin da ya kawo wannan rata shi ne lokacin da ake zuwa asibiti da kuma kammala magani. Maza ma sukan kamu, sai dai ba su wuce kashi 1 cikin ɗari na masu ciwon ba.

A ƙasar Zazzau, inda ake kai irin wannan larura shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Asibitin ya daɗe a Tudun Wadan Zariya kafin ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a shekarar 2005, 'yar tafiya kaɗan daga Samaru a kan hanyar Funtuwa. A can akwai likitocin fiɗa, da ɗakin gwajin tsoka, da sashen gashi da kula da masu ciwon daji. Mace daga Sabon Gari ko Samaru takan fara ne da ƙaramin asibitin unguwa ko babban asibitin gwamnati, daga nan a rubuta mata takarda zuwa Shika.

4.0 ME AKE JIRA?

Majiyyaciya da danginta sukan yi mamakin yadda za a ce ciwo mai haɗari ne, sa'an nan a ce a dawo bayan mako uku ko huɗu. Dalili shi ne fiɗar dajin mama ba irin ta mai haɗarin mota ba ce, wadda ake yi a daren da aka kawo shi. Aiki ne da ake shirya wa, kuma shirin yana da matakai.

Da fari akan ɗauki hoton maman, ko na sikanin ko na mamogiram. Sa'an nan a ɗebi ɗan guntun tsoka daga ƙullutun da allura mai kauri, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan gwaji shi kaɗai ke tabbatar da cewa daji ne, shi ne kuma ke nuna irinsa, domin dajin mama iri-iri ne: akwai wanda sinadaran jikin mace ke ciyarwa, akwai wanda ba ruwansa da su, kuma maganin kowanne daban. Bayan haka akan ɗauki hoton ƙirji da na ciki don a san matakin da ciwon ya kai, daga na 1 zuwa na 4. Daga ƙarshe a auna jini, da hawan jini, da sukari, da bugun zuciya, don mai ba da maganin barci ya san jikin da zai yi aiki a kansa. Galibi akan nemi dangi su ba da jini a ajiye.

Ban da waɗannan, akwai jiran da ba na likitanci ba: neman kuɗi, da jiran layi, da jiran izinin maigida ko na iyaye. Akwai kuma matan da akan fara yi wa ƙarin ruwan maganin daji na waɗansu watanni kafin fiɗa, don ƙullutun ya ragu. Wannan ba jinkiri ba ne, magani ne aka riga aka fara.

5.0 ALAMUN DA BA SU NUNA YAƊUWA

5.1 Sawun allurar gwaji. Mafi yawan sababbin alamun da ke bayyana a makwannin farko daga gwajin tsoka suke. Allurar ta huda fata da nama, ta kuma ratsa ƙananan jijiyoyin jini. Saboda haka jini yakan kwanta a ƙarƙashin fata, wurin ya yi duhu, ya yi tauri, ya yi zafi idan an taɓa. Jinin da ya taru kusa da ƙullutun yakan sa a ji kamar ƙullutun ya ninka girmansa cikin kwana biyu, alhali kuwa kumburi ne ya lulluɓe shi. Duhun fatar yakan washe cikin mako biyu ko uku, taurin kuwa yakan ɗan fi haka daɗewa. Wani lokaci kuma allurar takan taɓa ƙaramar jijiyar ji, sai a riƙa jin tsira kamar ta ƙaya, tana zuwa tana wucewa.

5.2 Kaluluwa. Kowane Bahaushe ya san cewa idan yaro ya yi tuntuɓe ya ji ciwo a ɗan yatsa, kaluluwa takan fito masa a matsematsi. Kaluluwa matattarar tace ruwan jiki ce, takan kumbura duk lokacin da aka sami rauni a yankin da take tsaro. Ruwan mama kuwa hammata yake gangarawa. Don haka hudar allura kaɗai ta isa ta tayar da kaluluwa a hammata, mai taushi, mai zafi, mai motsi a ƙarƙashin yatsa. Sai dai tun da dajin mama ma ta nan yake fara bi, hannun majiyyaciya ba zai iya rarrabe su ba. Abin yi shi ne a nuna wa likita, ba a yanke hukunci a gida ba.

5.3 Al'ada da yaye. Maman mace yana sauyawa da zagayowar wata. Kwanaki kaɗan kafin al'ada yakan cika, ya yi nauyi, ya yi gudaji-gudaji, bayanta kuma ya saki. Macen da ba ta taɓa kula da wannan ba, yanzu da take dubawa kullum sai ta gan shi kamar sabon abu. Kazalika wadda aka sa ta yaye ɗa saboda magani, ko ta daina shan maganin tazarar haihuwa, za ta ji cika da zogi a mama biyu. Alamar da ta zo wa mama biyu tare, ta kuma bi kwanakin wata, ba safai take zama ta daji ba.

5.4 Waswasi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Jikin ɗan Adam kullum cike yake da ƙananan motsi da ƙaiƙayi da tsira waɗanda hankali ba ya kula da su. Da zarar an sa wa gaɓa ido, sai duk su fito fili. Daɗa mace mai waswasi takan latsa wurin sau goma ko ashirin a yini, latsawar ta jawo tsami, tsamin ya ƙara mata tsoro, tsoron ya sa ta sake latsawa. Zullumi kuma yakan ɗaure naman wuya da kafaɗa da ƙirji, ya hana barci, ya rage cin abinci, ya sa bugun zuciya. Waɗannan alamu na gaskiya ne, majiyyaciya ba ƙirƙira ta yi ba, amma tushensu tsoro ne.

6.0 ALAMUN DA BA A JIRA DA SU

Duk da abin da ya gabata, kuskure ne babba a ɗauki kowace sabuwar alama a matsayin waswasi. Akwai waɗanda idan an gan su, wajibi ne a koma asibiti a ranar ko washegari.

Kashi na farko su ne alamun shigar ƙwayoyin cuta a wurin hudar: ja ko duhu mai faɗaɗa, da ɗumi, da zogi mai ƙaruwa maimakon raguwa, da mugunya, da zazzaɓi. A nan akwai tarko, domin a Zariya duk zazzaɓi na cizon sauro ake ɗaukarsa, a sayi magani a kemis a sha. Mai jiran fiɗa idan ta yi zazzaɓi, likitanta ya kamata ya sani. Haka nan jinin da ya ƙi tsayawa, ko kumburin da ke hauhawa cikin sa'o'i.

Kashi na biyu su ne sauye-sauyen maman kansa: kumburin dukan maman cikin 'yan kwanaki, da fata mai kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, da kan mama da ya shige ciki, da fitar jini daga gare shi, da fashewar fata ta zama gyambo, da sabon ƙullutu a ɗaya maman ko a saman ƙashin wuya, da kumburin hannu. Akwai wani irin dajin mama mai kama da ƙurji, wanda ke sa ja da ɗumi da kumburi, kuma shi ba a fara masa da wuƙa, sai an yi ƙarin ruwan magani tukuna.

Kashi na uku su ne alamun da ke nesa da mama: ciwon ƙashi ko na baya wanda ba ya sauka ko da an kwanta, da tari mai naci ko haki, da shawara, watau idanu su yi rawaya, da matsanancin ciwon kai mai haɗe da amai. Biyu daga cikinsu na gaggawa ne ko da tsakar dare: ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, da kuma kumburin ƙauri guda mai zafi ko ɗaukewar numfashi farat ɗaya, domin mai ciwon daji jininta ya fi saurin daskarewa a jijiya.

Amfanin faɗa wa likita shi ne yana iya sake shiri. Zai iya ba da maganin ƙwayoyin cuta don kada a ɗage fiɗa, ko ya sake ɗaukar hoto, ko ya matso da rana, ko ya fara da ƙarin ruwa. Macen da ta ɓoye alama don tsoron kada a fasa aikin, ta hana likita abin da zai gyara aikin da shi.

7.0 SAURIN CIWON DA HAƊARIN JINKIRI

Tambayar da ke ƙarƙashin dukan zullumin ita ce ko ciwon zai bazu kafin ranar ta zo. Amsarta tana cikin yadda daji ke girma. Yana farawa ne daga ƙwayar halitta guda, ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Kafin ƙullutu ya kai faɗin santimita 1, watau kamar ƙwayar gyaɗa, sai ya ninka kansa kusan sau 30, ya tara ƙwayoyi kimanin miliyan 1,000. A yawancin dajin mama kowane ninki yana ɗaukar watanni, ko da yake akwai irin da ya fi sauri, musamman a jikin mata masu ƙuruciya. Ma'ana, ƙullutun da hannu ya taɓa yau ya daɗe a wurin, galibi shekaru. Mako biyu ko uku na shirin fiɗa ɗan ƙaramin yanki ne na rayuwarsa.

Amma wannan ba lasisin sakaci ba ne. Wani nazari da aka buga a mujallar likitocin Ingila ta BMJ a shekarar 2020, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa kowane jinkirin mako 4 a fiɗar dajin mama yana ƙara haɗarin mutuwa da kimanin kashi 8 cikin ɗari na haɗarin da ke akwai. Watau idan a da mace 10 cikin 100 za a rasa, jinkirin wata guda zai mai da su kusan 11. A wata ɗaya ƙarin kaɗan ne, amma yana taruwa, kuma wadda ta ɓace wata shida ko shekara ta ɗora wa kanta nauyi mai yawa. Shi ya sa shirin yaƙi da dajin mama da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a shekarar 2021 ya sa buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu ciwon a mataki na 1 ko na 2, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, kuma aƙalla kashi 80 cikin ɗari su gama maganinsu.

Abin lura a nan shi ne makwannin da likita ya tsara ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne watannin da tsoro ke sa mace ta ƙara da kanta.

8.0 INDA AL'ADA TA SHIGO

Akwai magana da ta yaɗu a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya watsu. Kumburin da ke biyo bayan gwajin tsoka yakan zama hujja ga masu wannan magana, sai maƙwabta su ce ai ga shi nan, an taɓa shi ya tashi. Bayanin da ke 5.1 ya nuna abin da ya kumbura. Gwajin tsoka da allura aiki ne da ake yi wa miliyoyin mata a duniya, har da ƙasashen da mafi yawan masu ciwon suke warkewa. Abin da ya ba maganar ƙarfi shi ne mata da yawa ba su isa asibiti sai ciwo ya riga ya bazu, idan suka rasu bayan fiɗa sai a ɗora wa wuƙa laifin da na jinkiri ne.

A wannan gaɓa ce akan rasa majiyyata. A ƙaddara wata mata ce a Hayin Dogo, an ba ta rana nan da mako uku. A kwana na biyar ta ga duhu da tauri a wurin hudar. Ta nuna wa yayarta, yayar ta kira innarsu, inna ta ce a gwada na gida tukuna. Aka kawo garin magani ana shafawa, wani mai zafi ya ƙone fatar, aka kira wanzami ya yi tsaga don mugun jini ya fita. Ranar fiɗa ta zo ta wuce. Bayan wata bakwai aka kawo ta da gyambo mai wari, abin da a da fiɗa za ta iya cirewa ya zama sai dai a lallaɓa. Babu wanda ya nufe ta da sharri a cikinsu. Abin da ya ɓace tun farko shi ne wanda zai gaya mata cewa wannan duhun jini ne ya kwanta, zai kuma washe.

Ba a raina tsoron cire mama ba, domin yana da tushe. Wani bincike da V. I. Odigie da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Zariya suka buga a shekarar 2010 ya bi matan aure 81 da aka cire wa mama. Bayan wata 6, kusan kashi 68 cikin ɗari sun ce suna jin sun ragu a matsayinsu na mata, kuma bayan shekara 3 kimanin kashi 38 cikin ɗari aurensu ya mutu ko sun rabu da mazansu. Macen da ta san wannan, sabuwar alama takan zame mata dalilin ja da baya. Ya kamata ta san cewa fiɗar ta sauya ƙwarai tun zamanin William Halsted na Amurka, wanda a shekarar 1894 ya bayyana aikin da ke cire mama da naman ƙirji gaba ɗaya. Binciken Umberto Veronesi a Italiya a 1981 da na Bernard Fisher a Amurka a 1985 sun tabbatar da cewa idan ƙullutu ƙarami ne, cire shi kaɗai tare da gashi yana ba da tsawon rai daidai da cire maman duka. Wannan zaɓi na wadda ta zo da wuri ne, kuma kowane watan jinkiri yana rage shi.

Sai kuma kunya da dauriya. An hori 'ya mace Bahaushiya da kada ta yi raki, ko a naƙudar fari. Wannan tarbiyya takan bi ta har gaban likita, ya tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi, alhali ba ta yi barci ba kwana huɗu. "Da sauƙi" amsar gaisuwa ce, likita kuwa ba gaisuwa yake yi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

9.0 ABIN DA YA KAMATA A YI

Tun ranar gwajin tsoka, majiyyaciya ko mai rakiyarta su tambayi likita abin da za a gani a kwanakin da ke tafe, da ranar da ake ganin masu wannan ciwo, da inda za a nufa idan abu ya taso da dare. Matambayi ba ya ɓata.

A rage duba wurin zuwa sau ɗaya a yini, a lokaci guda, misali wajen wanka, da tafin yatsu ba da matsa ba. Abin da aka gani a rubuta shi da kwanan wata, da boko ko da ajami, ko a sa ɗa ko ƙanwa su rubuta. Rubutun yana nuna ko alama tana ƙaruwa ko tana raguwa, yana kuma hana mantuwa a gaban likita. Alamar da ke cikin kashi ukun nan na 6.0 ba a jira da ita. Wadda ba ta ciki amma ta wuce mako biyu ba ta ragu ba, ita ma a kai ta.

Kada a shafa kome mai zafi, kada a tsaga, kada a yi ƙaho. Duk abin da ake sha, na asibiti ko na gargajiya, a faɗa wa likita, domin waɗansu magunguna irin su asfirin suna tsinka jini. Wadda take zaton tana da ciki ta faɗa tun kafin hoto. A ci abinci mai gina jiki, a sha maganin hawan jini da na sukari yadda aka tsara, a kiyaye umurnin barin abinci kafin fiɗa, wanda galibi sa'a 6 ne. Addu'a da tofi ba su hana zuwa asibiti, kuma malamai sun yi bayani cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Idan kuɗi ne ya tsaya, a faɗa wa ofishin jin daɗin majiyyata na asibiti maimakon a ɓace. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, kuma asibitin Shika yana cikin asibitoci 6 da aka fara da su.

Maigida kuwa rawarsa ta fi ta kowa. Rakiyarsa zuwa asibiti, da jin bayani daga bakin likita, da faɗa wa matarsa a fili cewa aurensu ba a kan wannan gaɓa ya rataya ba, suna rage zullumi fiye da duk wani lallashi na dangi.

10.0 KAMMALAWA

An ga cewa sababbin alamun da ke bayyana kafin fiɗar dajin mama suna da tushe huɗu na yau da kullum, watau sawun allurar gwaji, da kaluluwa, da sauyin wata ko yaye, da waswasi, kuma mafi yawansu ba su nuna cewa ciwo ya bazu. An kuma jera waɗanda ke bukatar komawa asibiti nan take. An nuna cewa makwannin shiri ba su da haɗarin da watannin ɓuya suke da shi. Ɗaliban Hausa suna da abin yi a nan, domin yawancin matan da ke zuwa Shika da Hausa suke tunani, da ita suke tsoro, kuma har yanzu ana bukatar daidaitattun kalmomi da gajerun takardun bayani waɗanda za a miƙa wa mace ranar da aka ɗebi tsokarta, ta tafi da su gida a karanta mata.